Kayan ɗaki: katako na kafinta, ado namu

Ƴan uwa mata, in aka yi rabon asusu, ina kuɗinmu ke tafiya? Mun sani, kaso mai yawa kayan ɗakin ƴaƴanmu ke cinyewa. Gado da kujeru a ɗauko su daga Damagaram ko Kano, a biya kuɗin mota har Tanut ko Belbeji, wani ma ya iso da ƙafa a karye. Kuɗin sun bar Damargu ke nan, uwar amarya kuma ta kwana da bashi.

Alhali haɗa hannu wajen yin kayan ɗaki ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Ku dubi maƙeran Abzinawa da muke cin kasuwa ɗaya da su. Namiji ke sassaƙa ƙafafun gado da sandunansa, ya yi musu zane. Mace ke aikin fata, ta rina, ta ɗinka matasai da jakunkuna masu tuntaye. Gadon nan ana kwance shi a ɗora wa raƙumi ko jaki, a sake haɗawa a sabon masauki, kuma shi da tantin duk mallakar matar ne. Ba aikin mutum ɗaya ba ne, shi ya sa yake da kyau.

To mu fa? A cikin ƙungiyoyinmu akwai masu saƙar kaba, masu tabarma da faifai, akwai masu ɗinki, akwai waɗanda suka iya jan fata, wadda ake jemewa da bagaruwa a rina da karan dafi. Tabarma ita kaɗai, kowa ya san yadda ake taya ta a kasuwa. Amma in kafinta ko mai walda ya yi ƙashin kujera, mu muka saƙa mazauni da majingina, muka ɗora matashin fata, ai ta zama wani kaya daban, kuɗinta ma daban. Shi ma ya ƙaru, don katako daga kudu yake zuwa da tsada, saƙarmu kuwa na rage masa katakon da zai sa.

Sai dai a yi magana tun ran gini. Awo shi ne farko: kafinta ya ba da tsawo da faɗi kafin a tsaga kaba, in ba haka ba saƙa ta ƙi zama. Na biyu, wa ke sayen katako, wa ke sayen fata? Na uku, rabon riba. A faɗe shi gaban shaidu, sakatariya ta rubuta a littafi, don kada aikin mace ya koma "taimako". Kuma a fara da kujera ɗaya ta gwaji, mai son irinta ya ba da kafin alƙalami.

Tsarin Mata Masu Dubara da ya faro a Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE ya koya mana ajiya da ba juna rance. Rancen nan zai iya sayen fata da rini. Kasuwa kuwa tana nan: bukukuwan bayan girbin gero, sannan baje kolin SAFEM na sana'o'in hannun mata da ake yi a Yamai.

A taron mako mai zuwa, kowace ƙungiya ta lissafa masu sana'ar hannu da ke cikinta, a zaɓi mata biyu su je su gana da kafintan unguwa. Allah ya sa albarka a hannunmu.