Ƙaramin Jirgin Ƙasa Da Lissafinsa: Wane Ma'auni Ya Dace Da Dogon Kano?

A Turai da Amurka da Japan akwai wani abin sha'awa da manyan mutane ke kashe wa kuɗi da lokaci, wato ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki a kan tebur, tare da tasoshinsu da gadojinsu. Wanda ya hango daga nesa zai ce wasan yara ne, alhali ginshiƙin abin lissafi ne, irin wanda injiniya ke yi kafin ya zana gini a takarda.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda ake raba kowane tsawo na gaskiya gida 87. Mutum mai tsayin mita 1.74 zai koma santimita 2, taragon da ya kai mita 20 kuma santimita 23. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu, wadda a yawancin ƙasashe milimita 1,435 ce, kamar ta layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, za ta koma milimita 16.5.

Sai dai rabawa da 87 tsawo kawai take ba ka. Nauyi kuwa sai an raba sau uku, domin abu yana da tsawo da faɗi da tsayi, wato a raba da 658,503. Kan jirgi mai tan 100 zai tashi giram 152 kacal. Nisa shi ne ya fi gagara. Kilomita ɗaya na buƙatar mita 11.5 na ƙaramin dogo, saboda haka mai son kwaikwayon kilomita 186 na Abuja zuwa Kaduna sai ya nemi fili fiye da kilomita biyu. Shi ya sa kowane maƙeri ke matse nisa, ya bar tasha da girmanta amma ya gajarta dajin da ke tsakani.

Akwai kuma inda aka karkace da gangan. Turawan Ingila sun tarar jiragensu ƙanana ne, injin lantarki na wancan zamani ba ya shiga cikinsu a ma'aunin HO. Sai suka ƙara girman jikin jirgin zuwa kashi ɗaya cikin 76, suka kira shi OO, amma suka bar dogon a milimita 16.5 maimakon 18.83 da lissafi ya nuna. Kamfanin Hornby ya shiga kasuwar wannan ma'auni a 1938, kuma har yau shi ne ya fi karɓuwa a can: jirgi mai ƙiba a kan dogo siriri. Masu tsantseni daga cikinsu kan shimfiɗa nasu dogon da hannu don su gyara wannan milimita biyu da ɗoriya.

To, ina ruwan mai karatu da wannan? Dogon da ya kawo jirgi Kano a 1911 faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, milimita 1,067, irin na Afirka ta Kudu da yawancin layukan Japan. Duk wanda ya sayo kayan HO ya shafa musu fentin reluwe ɗinmu, jirgin Jamus ko na Amurka ya yi wa ado. In ana son gaskiya, hanya biyu ce. Ko dai a tsaya a kan 87 a nemi dogo mai milimita 12, tunda lissafi ya ba da 12.3, ko kuma a riƙe dogon 16.5 mai sauƙin samu a ƙara girman komai zuwa kashi ɗaya cikin 64, kamar yadda maƙeran New Zealand ke yi. A ganina hanya ta biyu ta fi dacewa da mu, domin ƙafafu da injin da ake sayarwa za su yi aiki, jikin tarago kaɗai za a ƙera, kuma girmansa ya fi daɗin aiki ga mai yanka kwali ko gwangwani da hannu.

Ƙaramin dogon da ya haɗa Zariya da Jos domin jigilar kuza, wanda aka rufe a 1957, faɗinsa milimita 762 ne. A raba da 87 ya ba da 8.8, kuma dogo mai milimita 9 yana nan birjik a kasuwa.

Abin da babu shi a kasuwa shi ne awon taragunmu da tsoffin tasoshinmu. Lissafi ba ya rabawa sai an ba shi lamba, lambar kuwa tana jikin taragun da suka ɗauki gyaɗa da auduga, waɗanda tsatsa ke ci a bayan tasoshi, ɓarayin ƙarfe kuma na ɗauka gunduwa-gunduwa. Malamin kwalejin fasaha da ya tura ɗalibai biyar da tef ɗin awo da littafi za su auna tarago guda a yini ɗaya: tsawo, faɗi, tsayi, tazarar ƙafafu, da wurin kowace ƙofa.