Lu'u-lu'u a Ƙarƙashin Ƙanƙara: Wa Ke Biyan Kuɗinsa?

Duk lokacin da na tambayi ɗalibaina abin da mahaƙar lu'u-lu'u ta fi dogara a kansa, amsarsu ba ta wuce kuɗi da injuna. Sai in ba su labarin Diavik, mahaƙar da ke kan wani tsibiri a tafkin Lac de Gras, can ƙuryar arewacin Kanada, kimanin kilomita 300 daga birnin Yellowknife. Rayuwar wannan mahaƙa a hannun sanyi take.

Babu kwaltar da ta isa wurin. Sai hunturu ya kankama, tafkuna sun daskare, sannan a buɗe hanya a kan ƙanƙara, manyan motoci su kai man dizal da siminti na shekara guda cikin kimanin wata biyu. A 2006 sanyi bai yi ƙarfi ba, hanyar ta rufe da wuri, dole aka koma jigila da jiragen sama mai ɗan karen tsada.

Ba na musun amfanin aikin. Bayan buɗe mahaƙar Ekati a 1998 da Diavik a 2003, Kanada ta shiga sahun manyan ƙasashe masu fitar da lu'u-lu'u, 'yan asalin yankin irin su al'ummar Tlicho kuma sun samu ayyuka da kwangiloli. Sai dai ba kowane rami ne ya mayar da jari ba. Mahaƙar Jericho ta buɗe a 2006, ta tsaya a 2008. Ta Snap Lake ta bi sahu a 2015, saboda ruwan da ke kwarara cikin ramukanta da faɗuwar farashi. Yanzu ga lu'u-lu'un da ake ƙerawa a masana'anta yana ƙara karya kasuwa.

Akwai kuma hasarar da ba ta shiga littafin kamfani. Garken Bathurst na karibu, dangin barewa da mutanen yankin ke ci da namansa tun kaka da kakanni, ya kai kusan 470,000 a 1986, amma a 2021 bai kai 10,000 ba. Masana na lissafa sauyin yanayi da farauta cikin dalilai, tare da hanyoyi da ƙurar mahaƙai.

Ra'ayina shi ne, kafin a ba kamfani izinin haƙa, a tilasta masa ajiye cikakken kuɗin gyara ƙasa, a kuma ware kason da zai riƙe jama'a bayan dutsen ya ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfani zai kwashe injunansa, mutanen Tlicho kuwa a nan za su ci gaba da zama.