Ba Naman Kare Ba Ne: Yadda Amurkawa Ke Bin Gefen Titi Suna Gwada Hotdog

Duk wanda ya saba sayen shawarma a Kano ko Abuja ya san tambayar nan da mai shago kan jefo masa yana cikin naɗe burodi: "A sa hotdog ɗaya ko biyu?" Abin da yake nufi shi ne ɗan jan naman nan mai santsi da ake soyawa a cusa a tsakiya. A wurinmu ƙari ne kawai, irin na mai ɗan canji a aljihu. A Amurka kuwa, inda sunan ya fito, hotdog shi ne abincin gaba ɗaya: sosej mai zafi a cikin dogon burodi da aka tsaga, a zuba masa kayan haɗi a kai, a miƙo shi a takarda, mutum ya ci a tsaye a bakin titi.

Bari mu fara kawar da abin da ke sa mutanenmu yamutsa fuska. In aka juya sunan zuwa Hausa kalma da kalma, "kare mai zafi" za a samu. To, babu naman kare a ciki. Zolaya ce da zargi suka haifi sunan. A ƙarni na 19 mutane ba su yarda da masu yin sosej ba, har ana raha cewa karen unguwa in ya ɓata, a tukunyarsu za a neme shi. Zuwa shekarun 1890 ɗaliban jami'o'in Amurka sun riga sun mai da kalmar ta yau da kullum. Tsokanar ta manne, ta zama suna.

Jamusawa ne suka shigo da sosej ɗin, shi ya sa har gobe ake kiransa da sunan birnin Frankfurt ko na Biyana. Wani Bajamushe mai suna Charles Feltman na cikin waɗanda suka fara sayar da shi a burodi a wajajen 1870, a Coney Island, wurin shan iska na bakin teku a Niyok. Cikin yaran shagon Feltman akwai wani Bayahude ɗan Folan, Nathan Handwerker, wanda ya ɓalle a 1916 ya kafa tasa rumfar yana sayarwa senti 5, alhali maigidansa na sayarwa senti 10. Arhar ta so ta ja masa, don mutane sun fara tambayar wane irin nama ne wannan. Ana ba da labarin cewa sai ya samo wasu ya sa musu fararen riguna irin na likitoci, suka tsaya gaban rumfar suna ci, don masu wucewa su ce ai in likita ya ci, lafiya lau ne. Rumfar tana nan a mahaɗar titin Surf da Stillwell, sunanta Nathan's Famous, kuma a nan ake gasar cin hotdog duk ranar 4 ga Yuli. A 2021 wani mai suna Joey Chestnut ya haɗiye guda 76 da burodinsu cikin minti 10. Wannan dai ba ɗanɗano ba ne, haɗama ce da aka yi wa rijista.

Masu ɗanɗanon gaske daban suke. Da zafi ya shigo, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, za ka ga abokai sun cika mota sun ɗauki hanya, su tsaya rumfa biyar ko shida a yini guda, kowa na rubuta makinsa. Jaridun gari ma kan tura wakilansu su zagaya su jera rumfuna daga gwani zuwa na baya, washegari kuma masu karatu su yo musu ca. Mutum zai ce mene ne abin gwadawa a nama da burodi? Ai kuwa akwai, kuma duk wanda ya taɓa ƙetare masu tsire uku don ya isa tukubar wanda ya yarda da shi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Abu na farko da gwanaye ke dubawa shi ne fatar sosej ɗin. Na gargajiya a cikin hanjin dabba ake ɗura niƙaƙƙen naman, galibi hanjin tunkiya. In ka gatsa sai ka ji ya ba da ƙas a haƙori, romon ciki ya tsarto. Wannan ƙas ɗin shi ne rabin makin. Mafi yawan na kanti ba su da fata: a cikin wani siririn bututu ake dafa su a masana'anta, a sulluɓe bututun kafin a zuba a leda, don haka lugub suke daga waje har ciki. Sai yadda aka dafa. Akwai mai barinsa cikin ruwan zafi, akwai mai turarawa, akwai mai juya shi a kan faffaɗan ƙarfe har ya yi ja, akwai mai gasawa a gawayi, akwai mai tsoma shi a tafasasshen mai. Nama ɗaya, daga kamfani ɗaya, zai fito da ɗanɗano biyar. Sai burodi, wanda mutane kan raina. Dole ya zama da ɗumi da laushi, amma ya iya riƙe kayan da aka ɗora masa. Burodin da ya jiƙe ya yage a hannu kafin loma ta uku ya kayar da mai rumfa, komai daɗin namansa. Wasu masu gwadawa kan sayi guda biyu a kowace rumfa, ɗaya tsurarsa da ɗan mustad kawai don a ji naman, ɗaya kuma da cikakken haɗin gidan. Ni a ganina wannan ce hanyar adalci, domin yaji da miya suna rufa wa mummunan nama asiri a ko'ina a duniya.

A kan kayan haɗin ne rigima take, don a nan kowane gari ya sa hannunsa.

A Niyok abin ba shi da tarkace. Amalanke ce ta ƙarfe a bakin titi, da laima mai ruwan shuɗi da rawaya ta kamfanin Sabrett. Mai sayarwa zai buɗe murfi, tururi ya taso, ya sa matsefin ƙarfe ya tsamo sosej daga ruwan da ya wuni yana ɗumi, ya kwantar a burodi, ya ja layin mustad, ya zuba kabeji mai tsami ko albasar da aka dafa cikin jar miya. Kafin ka gama laluben aljihu ya gama. Mutanen garin da bakinsu suke kiransa hotdog na ruwan datti, kuma ba su fasa saye ba.

Shikago kuwa ta mai da abin kamar doka. Sosej na naman shanu zalla, galibi na kamfanin Vienna Beef, wanda wasu baƙi biyu, Emil Reichel da Sam Ladany, suka fara tallarsa a babban baje kolin duniya da aka yi a birnin a 1893. Burodin mai ɗigo-ɗigon ƙananan ƙwayoyi ne kamar riɗi. A kai sai mustad rawaya, yankakkiyar albasa, wani haɗin kokwamba mai zaƙi wanda korensa har kashe ido yake, tumatir yanka biyu, dogon tsagin kokwamba mai tsami, ƙananan barkono guda biyu, sannan a barbaɗa gishiri mai ƙanshin ganye. 'Yan garin kan ce an ja shi ta cikin lambu. Ana danganta wannan lodi da shekarun karayar tattalin arziki na 1930, lokacin da talaka ke neman abin da zai riƙe masa ciki da senti 5, masu rumfa kuma suka ga kayan lambu sun fi nama arha. Abu ɗaya ne haramun a wurinsu: kecaf, jar miyar tumatir ɗin nan ta kwalba. Akwai rumfunan da ba sa ajiye ta sam. Barack Obama, wanda Shikago ce gidansa na siyasa, an taɓa tambayarsa a talabijin a 2016 ko ya halatta a sa kecaf a hotdog, ya ce bai kamata ba ga duk wanda ya wuce shekara takwas.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Detroit. A tsakiyar birnin akwai shaguna biyu bango ɗaya, American Coney Island da Lafayette Coney Island. Wani ɗan Girka, Gust Keros, ya kafa na farkon, wanda ke ƙirga shekarunsa daga 1917. Ya ɗauko ɗan'uwansa William daga gida, daga baya shi ma ya buɗe nasa a ƙofa ta gaba. Abin da suke sayarwa iri ɗaya ne a ido: sosej mai fata, a malala masa miyar niƙaƙƙen nama mai kayan ƙanshi wadda ba wake a ciki, a sa mustad da ɗanyar albasa. Baƙo zai ci na nan ya ci na can ya rasa bambanci. Ɗan Detroit kuwa zai rantse maka sama da ƙasa ne, kuma akwai gidajen da tun daga kaka har jika ba wanda ya taɓa taka ƙofar ɗaya shagon. A nan ne mai lura zai gane cewa makin da ake rubutawa ba na harshe ba ne kaɗai. Rabinsa na ƙuruciya ne, na inda uba ya fara kai ɗansa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Sauran sai dai a ambata a wuce. A Clifton ta jihar New Jersey, shagon Rutt's Hut tun 1928 yake soya nasa a mai har fatar ta tsage. A Rochester akwai farin sosej, a jihar Maine akwai wanda aka rina ja jawur. A Tucson ta Arizona, salon da ya ƙetaro daga Hermosillo ta Meziko shi ke tashe: a naɗe sosej da siraran yankan naman alade, a gasa, a zuba wake da tumatir da mayonis da barkono.

Wannan na ƙarshen ya kawo mu inda mai karatunmu ya fi buƙatar buɗe ido. Tsohon zargin nan na "me ke ciki" ba a banza ya taso ba. A 1906 marubuci Upton Sinclair ya fitar da littafinsa The Jungle, wanda ya tona ƙazantar mayankan Shikago, kuma a shekarar aka kafa dokar duba nama ta tarayya. A yau doka ta ƙayyade kitse kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na sosej ɗin, kuma in an sa kayan ciki dole a rubuta a jikin leda. Amma mai tsayawa a rumfa ba ya ganin leda. Hotdog da yawa gamin shanu da alade ne. Wanda aka ce shanu zalla ne ma, sai a tambayi fatarsa, don akwai masu ɗurawa a hanjin alade. In an tsallake wannan, saura ƙarfen suya: a kansa ake juya kowane iri, man wannan na bin wancan. Sannan shanu zalla ba ya nufin yankan Musulmi. Wasu Musulmin Amurka kan nemi na Yahudawa, irin na kamfanin Hebrew National, tunda su ma ba sa cin alade, wasu kuma ba sa kusantar komai sai mai tambarin halal. Wannan magana ce da mutum zai kai wa malaminsa kafin ya hau jirgi.

Ta fuskar lafiya ma akwai abin faɗa. Jan launin nan daga wani gishirin adana nama yake, kuma a 2015 sashen binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanji: cin giram 50 kullum, wato kusan hotdog guda, yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100. Kalmar "kullum" ita ce abin riƙewa. Iyaye kuma su sani faɗin sosej daidai yake da maƙogwaron ƙaramin yaro, yana iya toshe shi tsaf. Likitocin yara kan ce a tsaga shi a tsaye sannan a yayyanka ƙanana ga wanda bai kai shekara huɗu ba. Wannan ya shafi na cikin shawarmar da ake sayo wa yara a nan gida.

Abin mamaki, Musulmi sun daɗe cikin wannan sana'a. A Washinton akwai Ben's Chili Bowl, wanda Ben Ali, Musulmi haifaffen Trinidad, ya buɗe tare da Virginia, matar da ya aura, a 1958. Shagon ya tsira daga tarzomar 1968 da ta biyo bayan kisan Martin Luther King, kuma Obama ya je ya ci a can kwanaki kaɗan kafin a rantsar da shi shugaban ƙasa a Janairun 2009. Abin da shagon ya yi suna a kai wani ƙaton sosej ne mai gamin alade, wanda aka ce shi Ben Ali, saboda addininsa, bai taɓa sa shi a baki ba.

A Niyok kuma, a 1990, wasu Misirawa uku suka kafa amalanken hotdog a kusurwar titi na 53 da babban titi na 6. Ciniki na tafiya kadaran-kadahan, sai suka lura da direbobin tasi Musulmi da ke zagaya unguwar dare da rana ba su da inda za su ci abinci mai zafi da hankali kwance. Suka ajiye sosej, suka koma shinkafa da kaza da naman halal, da wata farar miya a kai. Direbobi suka gaya wa juna, layi ya fara tsawo har ya sha kwana, waɗanda ba Musulmi ba ma suka shigo ciki. Amalanken nan ita ce ta zama The Halal Guys, mai rassa a ƙasashe da dama yanzu, kuma har yau in dare ya yi ana bin layi a wannan kusurwar.