Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Hana Sardauna Tafiya Ikko?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani malamin firamare a Ka'oje, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, ga abin da ya ce: “Don Allah ina so ku ba ni tarihin marigayi Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello. Tun da shi ne shugaban jam'iyyar da ta ci zaɓe, me ya sa bai tafi Ikko ya zama Firayim Minista ba? Dattawanmu kuma suna cewa da yana da rai da ba wanda ya isa ya rufe mana iyakar Benin. Shin haka ne?”

To Malam, mun gode, Allah ya bar zumunci. Tambayarka biyu ce a kube ɗaya, sai mu ɗauke su bi da bi.

An haifi Ahmadu Bello a garin Raba cikin 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Raba, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Ya yi karatu a Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina, ya fito a 1931 ya dawo Midil ta Sakkwato yana koyarwa. Ka ga ashe ɗan'uwanmu ne a wajen riƙon alli, ni da kai. A 1934 aka naɗa shi Sarkin Raba.

Babban abin da ya juya rayuwarsa ya faru ne a 1938, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu. Ahmadu ya nemi gadon, amma aka naɗa ɗan'uwansa Abubakar na Uku. Shi kuwa aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya riƙa duba gundumomin gabas. A 1943 har an kai shi ƙara a kan kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Daga baya an shirya tsakaninsu da Sarki. A 1948 ya je Ingila ya yi kwas a kan mulkin ƙananan hukumomi, a 1949 kuma ya shiga Majalisar Jihar Arewa a Kaduna. Ya riƙe ministan ayyuka a 1952, sannan na ƙananan hukumomi, a 1954 ya zama shugaban jam'iyyar NPC, kuma a watan Oktoba na wannan shekara ya zama Firimiyan Arewa.

Yanzu sai batun Ikko. Kada ka ɗauka bai taɓa zuwa ba. Ya zauna a Majalisar Wakilai ta can, kuma yana ciki a watan Maris na 1953 lokacin da Anthony Enahoro ya kawo batun a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya ce a cire shekarar, a bari sai lokacin da abin zai yiwu, domin Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe ofisoshi. Da aka tashi, jama'ar gari suka yi wa wakilan Arewa ihu da ature. Wannan wulakanci bai bar zuciyarsa ba. Bayan 'yan makonni aka yi tarzomar Kano, kuma daga cikin wannan rikici ne aka haifi tsarin mulkin 1954, wanda ya ba kowace jiha ƙarfin gaske.

To nan ne amsar take. Mu yau idan aka ce jiha, sai mu tuna Kebbi ko Zamfara, masu jiran kason wata-wata daga Abuja. Jihar Arewa ta wancan zamani wani abu ce dabam. Wurin da yau jihohi 19 ke zaune, duk gwamnati ɗaya ce, daga Illo har Tafkin Chadi, daga Daura har Ilori. Tana da tsarin mulkinta, da ma'aikatanta, da kotunanta, da wakilinta a Landan. Tana da hukumar sayen amfanin gona, wadda ke sa farashin gyaɗa da auduga, ribar kuma ta shiga baitulmalin Kaduna. En'e-en'e da 'yan doka da alƙalai duk suna ƙarƙashinta. Ga kuma lissafin kujeru: a zaɓen Disamba 1959, cikin kujeru 312 na tarayya, Arewa ke da 174. Wato duk wanda ya riƙe Arewa gam, shi ke da ta cewa a kan wanda zai zauna a Ikko. Shi ya sa ya bar mataimakinsa a jam'iyya, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda tun 1957 yake Firayim Minista, ya ci gaba, shi kuwa ya tsare gida.

In kana son ka gane ko dabara ce, dubi abin da ya sami takwarorinsa. Awolowo ya bar kujerar Firimiyan Yamma a 1959 ya tafi neman ta tarayya, bai samu ba. Ya bar wa Akintola gida, kafin 1962 sun ɓata, a 1963 kuwa yana kurkuku. Azikiwe ya bar Gabas, ya zama Gwamna-Janar a 1960, daga baya Shugaban Ƙasa, amma kujera ce ta girma ba ta iko ba. Cikin su ukun, wanda ya ƙi motsi ne ya rage da jam'iyyarsa a hannu. Akwai masu cewa har ila yau ransa na kan gadon Sakkwato, don haka ba ya son nisa da gida. Ni dai a ganina lissafin kujerun nan kaɗai ya isa dalili.

Wannan zaɓi ba a ƙasarmu kaɗai ake yin sa ba. A Birtaniya, bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1997, yankin Sikotilan ya sami majalisarsa mai wakilai 129 a 1999. Wani ɗan siyasa, Donald Dewar, yana minista a gwamnatin Tony Blair, ya ajiye muƙamin ya koma birnin Edinbara ya zama shugaban gwamnatin yankin na farko, har ya rasu a kan kujerar a shekarar 2000. Amma ka lura, duk da ikon da majalisar nan take da shi a kan makarantu da asibitoci, sojoji da fasfo da kwastan suna hannun Landan. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Me Sardauna ya yi da ikon da ya tsare? Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne a sami 'yan Arewa a ofisoshin Arewa, ko da kuwa za a ɗauki Bature na wucin-gadi kafin yaranmu su gama karatu. Arewa ta sami mulkin kanta ran 15 ga Maris 1959. A 1962 aka buɗe jami'ar Zariya mai sunansa, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Ga Bankin Arewa, ga kamfanin raya Arewa, ga jaridar New Nigerian da ta fara fitowa kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa. Ku mutanen ƙasar Gwandu ba a bar ku a baya ba, domin Alhaji Umaru Gwandu ne kakakin majalisar dokoki, Sarkin Gwandu Haruna kuma shugaban majalisar sarakuna.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, mulkin bai yi wa kowa daɗi ba. 'Yan NEPU, mabiya Malam Aminu Kano, sun sha ɗauri da bulala a hannun 'yan doka da kotunan En'e. An yi tarzoma a ƙasar Tibi a 1960 da 1964, an yi asarar rayuka. Murabus ɗin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi a 1963 kuwa har yau Kanawa ba su gama maganarsa ba. In za ka koya wa yara tarihin nan, Malam, ka ba su wannan ɓangaren ma. Ran 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, sojoji a ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka kashe shi a gidansa na Kaduna tare da uwargidansa Hafsatu. Allah ya jiƙansu. Jihar Arewa kanta ba ta daɗe bayansa ba. A watan Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, kuka faɗa Arewa maso Yamma, a 1976 Jihar Sakkwato, ran 27 ga Agusta 1991 kuma Jihar Kebbi.

To sai tambaya ta biyu, kuma a nan dattawa su gafarce ni. Na san abin da ke cin ransu. Turawan Ingila da na Faransa ne suka fara shata layin nan a yarjejeniyar 1898, suka raba ƙasar Bargu biyu, suka bar dangi wani a Illo da Lolo da Tsamiya, wani a Segbana da Malanbil. Da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, ba shinkafar fasa-ƙwauri kaɗai ta tsaya ba, har cinikin albasa da na dabbobi da ziyarar biki da ta'aziyya sun shiga wahala. Amma ko a zamanin Sardauna, lokacin da Benin ke amsa sunan Dahome, kwastan da shige-da-fice da hulɗa da ƙasashen waje duk na gwamnatin tarayya ne, daidai da abin da na faɗa maka a kan Sikotilan. Firimiya ba shi da ikon sa hannu a buɗe iyaka ko a rufe. Abin da yake da shi shi ne wakilai masu yawa a Ikko waɗanda ke jin maganarsa, kuma ina jin wannan ne dattawa ke tunawa.

Saboda haka in maganar iyaka ta taso, gwamna a Birnin Kebbi sai dai ya yi roƙo kamar kowa. Takardarku ta koke ku aika ta ga ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Bagudo da Suru da kuma sanatan Kebbi ta Arewa, ku sa hannun hakimai da shugabannin kasuwa, ku kuma ajiye kwafi.