Faransa: wurin cajin mota, har da gurgu cikin lissafi

A Faransa, dokar sufuri ta shekarar 2019 ta tilasta ma manyan kantuna da ma'aikatu masu filin aje mota fiye da 20 su kafa wurin cajin motocin kuran, daga ranar 1 ga watan Janairu 2025. Sharaɗin da ya ja hankalinmu shi ne: aƙalla wuri guda ya kasance naƙasasshe zai iya amfani da shi. Faɗinsa mita 3,30, don ƙofar mota ta buɗe sosai, keken gurgu ya samu sauka.

Amma a ganinmu faɗi kaɗai bai wadatar ba. Wayar cajin tana da kauri da nauyi. In aka ɗora na'urar bisa dakali, ko wurin biyan kuɗi ya yi sama, mai keke sai dai kallo.

Mu ƴan kasuwa, ga inda zancen ya shafe mu: caji ba kamar shan mai ba ne, yakan ci rabin awa ko fiye. Mai mota ba ya zama banza, kanti yake shiga ya yi cefane. Wanda ya kasa sauka kuwa, da kuɗinsa yake wucewa kantin gaba.