Makullin Sirri: A Tanadi Kwafi, A Kuma Tsare Shi

A Unguwar Mu'azu, kamar sauran sassan Kaduna, idan kwamfuta ta ƙi tashi, shawarar da mai gyara kan bayar ita ce a goge ta, a sake ɗora mata manhaja. Ga wanda ya kulle takardunsa da GnuPG, wannan na iya zama asarar da ba ta da magani.

GnuPG, wadda Bajamushe Werner Koch ya fitar a 1997, tana aiki da makullai biyu. Na fili ana raba wa jama'a su kulle saƙo da shi; na sirri shi kaɗai ke buɗewa, kuma yana cikin kwamfutar mai shi. In ya salwanta, babu hukumar da za ta iya dawo da shi.

Shi ya sa ake fitar da kwafinsa don ɓacin rana, da umarnin gpg --export-secret-keys. Sai dai fayil ɗin da ya fito shi ne makullin kansa. Duk wanda ya tura shi ta WhatsApp, ko ya bar shi a filashin da ke yawo a shagunan buga takardu, kalmar sirri ce kawai ta rage tsakaninsa da ɓarawo.

Don haka a keɓe masa filashi, a adana a gida, tare da takardar shaidar soke makulli, wadda ake bazawa idan an sace shi. Lauya ko likita mai riƙe da bayanan mutane kuwa ya sani, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora masa alhakin tsare su.