Kushewun waliyyai 99 na Madarunfa: yadda ake gyara wurin tarihi ba a bar tsoho da gurgu a waje ba

A farkon watan Satumban 2024, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun ƙarni na 19. Shekara guda kafin nan, ranar 11 ga Agustan 2023, wani ɓangare na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta kan masallata ana cikin sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Abin da ya faru a garuruwan biyu gargaɗi ne ga duk garin da ke da tsohon wurin ibada ko na ziyara, ciki har da Madarunfa a jihar Maraɗi. Sai dai batun gyara bai tsaya ga hana gini faɗuwa ba. Akwai kuma tambayar wa zai iya shiga bayan an gama aikin.

Me Madarunfa ke da shi?

A kudu da birnin Maraɗi, kewayen tafkin Madarunfa, akwai kushewun da aka sani da na waliyyai 99, inda jama'a ke zuwa ziyara da addu'a daga cikin Nijar da kuma Najeriya. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sanya tafkin da dajin da ke kusa da shi da kushewun cikin jerin share fage na hukumar UNESCO. Wannan jeri matakin farko ne kawai, wurin bai kai ga shiga kundin kayan tarihin duniya ba. Wurare uku Nijar ke da su a kundin: yankin Ayar da Tenere tun 1991, gandun dajin W tun 1996, sai tsohon birnin Agadas tun 2013. Duk wurin da ke neman shiga, sai ƙasa ta nuna cewa bai rasa asalinsa ba, kuma akwai tsarin kula da shi. Don haka gyaran gaggawa da ba a yi nazari ba yana iya jawo wa Madarunfa asara.

Me ya sa siminti ba ya maganin ginin ƙasa?

Kuskuren da aka fi yi shi ne shafe bangon ƙasa da siminti. A ido yana da kyau, amma siminti ba ya barin danshi ya fita. Da zarar ya tsage ruwa ya shiga, ƙasar ciki sai ta jiƙe tana zagwanyewa ba wanda ya gani, har ranar da bangon zai zube gaba ɗaya. Magina na gargajiya sun san haka: yaɓen ƙasa da makuba ake sabuntawa, a duba azara ko gara ta ci, a gyara indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 ta kai yau ne saboda ana sabunta yaɓenta, kuma itatuwan da ke fitowa daga jikinta su ne matakan magina.

Wannan ƙa'ida ba ta masallatai kaɗai ba ce. Yarjejeniyar Venis ta 1964 ta nemi a mutunta kayan gini na asali, kuma duk abin da aka ƙara a iya bambanta shi da tsohon. Masar ma, inda Yahudawan da suka rage ba su da yawa, ta gyara tsohon wurin ibadarsu na Ben Ezra a Alƙahira a matsayin gadon ƙasa, ta sake buɗe shi a watan Agustan 2023.

Wa ake mantawa da shi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya na fama da wata naƙasa mai tsanani. Ban da su akwai tsofaffi masu ciwon gwiwa, da mata masu ciki, da marasa lafiya, waɗanda sau da yawa su ne suka fi ɗokin zuwa ziyara. Dakali guda ko rairayi mai zurfi ya isa ya tsayar da keken gurgu, sai an ɗauke shi cak a gaban jama'a, ko ya haƙura ya yi addu'arsa daga nesa.

Doka tana bayansu. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, wadda sashenta na 30 ya ambaci damar isa wuraren tarihi. A cikin gida kuma akwai doka mai lamba 2019-62 ta watan Disamban 2019 kan shigar da naƙasassu cikin al'amuran rayuwa, da doka mai lamba 97-022 ta 1997 mai kare kayan tarihi. Aikin ƙwarai shi ne wanda ya cika sharuɗɗan dokokin biyu. Alhazan da suka ga yadda ake ɗawafi da sa'ayi a kan keke a Makka sun san cewa sauƙaƙa hanya ba ya rage wa wuri alfarma.

Yaya ake haɗa biyun?

Yawancin aikin a waje yake, ba a jikin kushewa ko bango ba. Abu na farko hanya ce mai tauri, ta jar ƙasa da aka daɓe ko ta duwatsu shimfiɗaɗɗu, daga inda mota ke tsayawa zuwa wurin ziyara. A Madarunfa dole a auna ta da inda ruwan tafki ke kaiwa da damina, in ba haka ba shekara guda ta ishe ta. Inda akwai tudu, gangaren da ya dace shi ne kashi 5 cikin 100, wato dakali mai tsayin santimita 30 na buƙatar gangare mai tsawon mita 6. Gangaren da ya cika tsayuwa haɗari ne. Ƙofa na son faɗin santimita 90, wurin juya keke kuma mita ɗaya da rabi. Makaho na buƙatar ƙarfen riƙewa da gefen hanya da sandarsa za ta taɓa. Tsoho na buƙatar inuwa da wurin zama a kan hanya, da wurin alwala da makewayi da zai shiga ba sai an riƙe shi ba. In ya zama tilas a jingina wani abu da tsohon gini, a yi shi da katako ko ƙarfe yadda za a iya cirewa ba a fasa komai ba.

Kafin a haƙa ko'ina, sai an ƙirga kushewun an zana taswirarsu tare da dattawan da suka san wurin, don kada hanya ta bi ta kan kabari. Zaman tsara aikin na buƙatar ma'aikatar magajin gari, da sarakuna da malamai, da jami'an al'adu na jiha, da magina, da wakilan ƙungiyoyin naƙasassu, domin mai keke ne zai faɗi ko gangare ya hawu. Lokacin irin wannan aiki kuwa rani ne, tun kafin hadarin farko ya haɗu.